Shekarar da Na Hana Lemon Hajiya Ruwa

Bana ma a tsakiyar bazara azumi ya same mu. Jiya da hantsi wani Alhaji a Dukawuya ya kira ni a waya yana ta faɗa, wai lemonsa shekara biyar sai ganye, ko fure ɗaya bai taɓa gani ba. Na ce ya ɗauki hoton gindin ya turo mini. Ina buɗewa me zan gani? Kan famfo a jikin bishiya yana ɗiga, ƙasa ta yi kore shar da gansakuka. Wallahi dariya na yi ta yi, har matata Binta ta leƙo ta ce ko yunwa ce ta fara taɓa ni. Na ce, "Ke dai zo ki ga lemon Hajiya Yalwa ya dawo." Ta duba, ta riƙe haɓa ta ce, "Kai, Malam! Yau shekara talatin da nawa ke nan?"

Ni sunana Ado, kuma aikina kula da shuke-shuken mutane, abin da ake ce wa gadina. A wancan lokacin gida goma sha ɗaya nake zagayawa a kan kekena, almakashi da fartanya a ɗaure a baya. Kowane lokaci da aikinsa. Damina ta dashe ce da askin shinge, ciyawa ba ta barinka ka zauna. Da kaka in zuba taki, in yi wa mangwaro da lemo aure. Da rani in sare rassan da suka mutu. Bazara kuwa ba ta da wani zance sai ruwa: ka ɗebo, ka zuba, ka rufe gindi da busasshiyar ciyawa, gobe ka dawo ka tarar kamar ba ka zuba ba. Gidajen Nasarawa su ne masu tiyo da furanni. Na cikin birni kuwa tsakar gida ce da bishiya ɗaya ko biyu, gwaiba ko rumman ko kurangar inabi, kuma sai ka yi sallama ka tsaya a zaure mata sun ɗauki mayafi kafin a ce ka shigo. Amma masu bishiya ɗayan nan sun fi na Nasarawa sa ido, don kowace bishiya an san wanda ya dasa ta.

Hajiya Yalwa a unguwar Sheshe take, cikin birni. Ta kusa tamanin, yanar ido ta kama ta, sai dishi-dishi take gani, amma kunne da baki ras. Lemonta na zaƙi ne, ɗan aure. Mijinta, marigayi Malam, shi ya taho da shi daga Zariya a jirgin ƙasa, naɗe cikin jiƙaƙƙen buhu. Ya dasa shi da hannunsa a bakin rijiya, daidai inda duk gidan ke alwala, ya ce mata da shi za ta riƙa buɗe baki. Shekara biyu da dasawa Allah ya yi masa rasuwa. Lemo ya yi ta girma har ya wuce katanga, ganye luf-luf, shekara tara ko ɗan ƙwallo bai taɓa yi ba.

A farkon Sha'aban na je gyaran gwaibar gidan, na tarar an jibge bulo a zaure. Babban ɗanta, Alhaji Sani, mai sayar da robobi a Ƙofar Wambai, yana tsaye a tsakar gida yana auna ƙasa da taku. Ba mugun mutum ba ne, in faɗi gaskiya. Ƙaninsa Kabiru ne zai yi aure, gida ya cika, kuma babu filin ɗaki sai inda lemon nan yake.

Ya ce, "Yawwa Ado, gara da ka zo. Washegarin Sallah ka taho da gatari, magini zai fara aiki."

Hajiya na zaune a tabarma tana jan carbi. Sai na ga carbin ya tsaya. To ni kuma an san ni, bakina ba ya jiran shawarata. Ai baki shi ke yanka wuya.

Na ce, "Alhaji, lemon nan fa ba juya ba ne. Ƙoshi ne ya yi masa yawa."

"Ƙoshi?"

"Ƙwarai. Shekara tara yana shan alwalar mutum ashirin, sau biyar a rana. Me zai dame shi har ya yi tunanin haihuwa? A ba ni shi in hora shi da ƙishi, wallahi sai ya yi fure."

Alhaji ya yi dariya ya ce, "To na ji. Ranar Sallah in na ga fure, ko guda ɗaya ne, na bar shi, in san inda zan sa Kabiru. In ban gani ba, kai da hannunka za ka sare shi, a gabanta."

Dabarar ba tawa ba ce, a wurin tsohon da ya koya mini aiki na gan ta. Lemo sai ya ji ƙishi har ya tsorata, sannan ka sake masa ruwa da taki a lokaci ɗaya, sai ya fashe da fure. Sau biyu na ga an yi, amma ni ban taɓa yi da hannuna ba, kuma wannan ban gaya wa kowa ba. A ranar na tone gindin sama-sama, na yi masa 'yar katangar ƙasa don ruwan rijiya ya bi rariya, na ɗauke dutsen alwala na kai shi can bakin ɗakin girki. Na tara mutanen gidan na ce ko ɗigo ɗaya kada ya taɓa ƙasar nan sai na ce.

Azumi ya kama. Kai, jama'a, zafin shekarar nan! Iska ta ɗauke ɗif, ko ganye ba ya motsi. Katangar ƙasa in ka jingina da ita da la'asar sai ta gasa maka baya. Ƙurajen zafi suka feso wa kowa, yara da manya ana ta susa. Famfo kuwa sai ya ga dama, yau ya kawo gobe ya yi shiru, 'yan garuwa su zama sarakai, kana kira suna wucewa. Yanzu da kowane lungu da mai burtsatse da tanki a sama, yaran zamani in na ba su labari gani suke ƙari nake. Binta takan ɗumama mini tuwo da sahur, in kora da ruwan randa har cikina ya yi ƙara, ana idar da sallar asuba in hau keke, don in gama ban ruwa kafin rana ta buɗe ido. Babu azabar da ta kai mai azumi ya wuni yana zuba wa shukar wani ruwa. Kana jin ƙararsa yana sauka, kana jin ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa, harshenka ya manne a dasashi. Da azahar in jiƙa rigata in kwanta a sumuntin masallaci, in yi ta lissafin kunun tsamiyar Binta da ƙosai.

Abu ɗaya ya hana ni sukuni. Wata guda cur da hana lemo ruwa, ya kamata a ce ganye ya fara naɗewa, amma shi sai sheƙi yake. Ran shida ga azumi na zagaya ta bayansa, wajen katanga, na tura yatsa a ƙasa. Danshi! Nan take raina ya ɓaci. Na hau faɗa, na ce yaran gidan nan ba sa jin magana, na ce matar Alhaji ba ta sa ido, na ce ni an mai da ni mahaukaci.

Sai na ji muryar Hajiya daga tabarma: "Kai Ado, bar yaran mutane. Ni ce."

"Haba Hajiya! Ke da nake yi wa aikin?"

"Yo ɗan ruwan alwalata ne kawai, sai moɗa ɗaya in an sha ruwa."

"Alwalarki ke da ba kya gajiya da nafila? Ai gara a sa masa famfo!"

Ta ce, "Ni ba zan iya ɗaga moɗa da magariba shi yana tsaye a kaina da ƙishi ba. Abu mai rai ne. Me zan ce wa Allah?"

Na sassauta murya na ce, "Hajiya, ki ɗauka shi ma azumi yake."

"Azumin wane gari ne ba a buɗe baki?"

Yara suka fashe da dariya, ni kuwa haushi ya ƙara turnuƙe ni. Na ce, "To ki zaɓa masa, Hajiya. Ko ƙishi ko gatari." Maganar na fita na ji nauyinta, don ba haka ake yi wa sa'ar kakarka magana ba. Hajiya ta murza carbi, ta sa gefen mayafi ta goge ido, sannan ta ce, "Kwana nawa?" Na ce goma. Ta ce, "Allah ya ba mu haƙuri ni da shi."

A hanya na yi lissafi. In na sake masa ruwa ran sha shida, saura mako biyu Sallah, kuma abin da na gani a wurin tsohon nan, fure ba ya buɗewa ƙasa da haka. Ba ni da rarar ko kwana ɗaya.

Kwanaki goman nan na ga tashin hankali. Ganye ya naɗe, ya yi fari-fari, ya fara zuba, kullum matar Alhaji sai ta share ta cika faifai. Labari ya zaga Sheshe, in na wuce majalisa sai in ji an ce, "Ga Ado kashe-lemo nan." Alhaji Sani ya tare ni a zaure ya ce, "Sannu da ƙoƙari, ka rage wa gatari aiki." Ina yi masa dariyar yaƙe, amma kullum sai na faki ido na kankare ɓawon reshe da farce in ga ko da sauran kore a ciki. Hajiya ta sa aka juya mata tabarma ta ba wa bishiyar baya. Ta daina tsokanata, in na gaishe ta sai ta ce "lafiya" kawai. Wannan ya fi zagin majalisa yi mini ciwo. Na je wurin wani mai kiwon tantabara na samo kashinsu rabin buhu, na haɗa da tsohon takin awaki da toka, na ajiye ina jiran rana.

Ran sha shida na iso da buhuna tun da hantsi, ina ta ɗoki. Ana wata ga wata! Famfo kwana huɗu bai kawo ba a duk unguwar. Na jefa guga a rijiya, ya fito da taɓo. Na fita neman 'yan garuwa, kowanne ya ce an riga an kama shi tun asuba. Na je kududdufi, na tarar ya ƙafe ya koma kore, ga kumfar sabulu, ruwan da ko maƙiyina ba zan ba wa shukarsa ba. Aƙalla garwa goma nake bukata a tashi ɗaya. Na dawo na tsuguna a gindin lemo, gumi na ɗiga ta haɓata, na rasa abin da ke mini daɗi.

Hajiya ta ce, "Yau ne ko?"

Na ce, "Yau ne, Hajiya, amma babu ruwa."

Ta ce da matar Alhaji, "Ke, buɗe masa ɗakin nan."

Wani ɗan ɗakin tarkace ne a kusurwa. Aka ture ƙyaure, na leƙa. Allahu Akbar! Randa uku, tuluna, tsohon duro, bahon wanka, har da tukunyar biki, duk cike da ruwa an rufe da faya-fayi. Ashe tun ranar da na yi mata rashin kunya ta kafa doka: duk mai alwala a gidan nan a kan baho zai yi, a juye a randa.

Ta ce, "Cewa ka yi kada a zuba masa. Ba ka ce a zubar ba."

Wallahi ban san lokacin da na yi tsalle ba, da girmana. Na ce, "Hajiya, kin fi ni iya aikin!" Ta ce, "Da ma." Nan da nan na buɗa gindin, na yi masa gurbi mai faɗi, na barbaɗa taki na rufe. Gida ya tashi gaba ɗaya. Kabiru, wanda ɗakinsa ne ake shirin hanawa, shi ya fara naɗe hannun riga ya kama duro. Matar Alhaji na ɗiba, 'yan mata na miƙowa, ni ina zubawa a hankali. Ƙasa ta riƙa yin cuu tana haɗiyewa, bokiti biyar na farko ko alamarsu ba a gani ba. Wani ƙanshi ya tashi ya cika gidan, dukkanmu da azumi a baki muka tsaya muna haɗiyar yawu. Hajiya ta sa aka juyo mata da tabarma. Ta ce, "Ina jin sa yana sha."

Daga ranar kuma sai maƙwabta suka shigo ciki. Matan lungun suka riƙa aiko da ruwan alwalarsu, wannan buta, waccan kwano, wai su ma a sa da su a lada. Kwana biyar babu abin da ya motsa. Ran na shida na ga toho, 'yan mitsi-mitsi, kore mai haske, a bakin kowane reshe. Na yi ta kiran mutane su zo su gani har muryata ta dushe.

Ran ashirin da uku da la'asar ina wani gida a Dukawuya sai na ji iska ta juya. Na ɗaga kai, gabas ta yi baƙi ƙirin. Kafin in ɗaure almakashi an fara yayyafi, manyan ɗigo masu ɗumi, sannan aka kece. Ruwan farko! Yara suka fito tsirara suna ihu, indararo na ta zuba, mata na rige-rigen tara bahuna, masu soron ƙasa na neman inda ke yoyo. Na hau keke cikin ruwan nan na nufi Sheshe, na datse bakina gam kada ɗigo ya shiga ya karya mini azumi, ga dariya na cina. Tsorona kada iska ta kakkarya tohon. Na tarar da shi tsaye yana ta rangaji, Hajiya kuma a bakin ƙofar ɗakinta ta miƙa hannu waje ruwa na dukan tafinta.

Kwana uku bayan ruwan, 'yan kawunan fure suka fito a tsakanin toho. Ran ashirin da tara sun yi fari sun kumbura kamar ƙwayar shinkafa, amma ko ɗaya bai buɗe ba. Na jawo Alhaji Sani na nuna masa. Ya duba da kyau, na ga abin ya ba shi mamaki, amma ya ce, "Ado, fure na ce. Magana ɗaya nake yi, kuma na riga na gaya wa magini."

Da magariba duk birni an fito ana leƙen sama, kowa ya gaji, kowa na fatan a ga wata a huta. Ina jin ni kaɗai ne a Kano nake roƙon Allah kada a gan shi. Binta ta ce, "Malam, ka ji tsoron Allah, mutane sun galabaita." Na ce, "Kwana ɗaya dai, Binta, kwana ɗaya!" Da aka ce ba a gani ba, a cika talatin, maƙwabcina ya yi tsaki, ni kuwa na ƙara kofin kunu.

Ranar talatin ban je ba. Na kasa. Na yi ban ruwan gidajena, na dawo na kwanta, gatari na jingine a bayan ƙyaure ina kau da kai daga gare shi.

Ranar Sallah daga masallacin idi ban biya gida ba, da sabuwar rigata na nufi Sheshe. Ina sa ƙafa a zaure, tun ban yi sallama ba, ƙanshi ya tare ni. Wanda ya taɓa jin ƙanshin furen lemo ya san ba ya kama da komai. Na rafka sallama, ban ma jira an ce in shigo ba sai da na tuna na ja da baya. Aka ce shigo, na faɗa. Ga shi nan, fari fat a rassan da ke kallon gabas, ba ɗaya ba, ba goma ba, ƙudan zuma har sun riga ni zuwa. An shimfiɗa wa Hajiya tabarma a ƙarƙashinsa.

Ta ce, "Sai yanzu? Ni tun asuba hancina ya gaya mini."

Na durƙusa na ce, "Hajiya, ki yafe mini maganar da na yi miki."

Ta ce, "Tashi, ɗan nema. Allah ya yi maka albarka."

Muna haka Alhaji Sani ya shigo da babbar riga. Ya tsaya a gindin lemon ya ɗaga kai yana kallon furen. Sannan ya kira Kabiru ya ce gobe a kwashe robobin da ke sitonsa na zaure na biyu a kai kasuwa, nan magini zai gyara. Yara suka sa ihu, matar Alhaji ta rangaɗa guɗa. Shi kuwa ya kama hannuna ya ja ni gefe, inda ya san ba za a ji ba.

Ya ce, "Yaushe za a sha?"

Na ce, "Sai sanyi ya shigo, Alhaji. Wata bakwai, ko takwas."

Ya juya ya dubi mahaifiyarsa, 'yar tsohuwa a dunƙule cikin mayafi tana lalubar furen da ya faɗo a tabarma. Na ga idonsa ya kawo ruwa. Ya rage murya ya ce, "Ado, babu yadda za ka yi ya yi sauri?"

Na ce, "Wannan kam ba aikin gadina ba ne, Alhaji."

Watannin nan ni da shi muka yi gadinsu. Shi da ya ce in zo da gatari, shi ya riƙa korar yara daga gindin, in iska ta kaɗo ɗanye ɗaya ya aiko a kira ni. Duk sanda Hajiya ta yi ɗan zazzaɓi, sai in gan shi tsaye yana latsa 'ya'yan lemo ko sun yi laushi. Allah da ikonsa ta kai. Da sanyi ya shigo na tsinko na farko, na wanke, na kai mata har tabarma, duk gidan an zagaye ta. Ta ɓare da kanta, ta yi bisimilla, ta tsotsa, ta yamutsa fuska.

Ta ce, "Kai! An cuci Malam a Zariya. Wallahi tsami ne da shi."

Sannan ta miƙo hannu ta ce, "Ƙaro mini."